Sharhina kan hoton CT na jijiyoyin zuciya da aka yi min

Gaskiya kuɗin hoton nan ya yi min nauyi, amma wallahi ban yi da-na-sanin biyansa ba. Ina da hawan jini da suga, kuma na daɗe ina jin ƙirjina na ɗaurewa in na hau bene ko na yi saurin zuwa masallaci, da na tsaya sai ya saki. Kowa ce min yake olsa ce. ECG, wato gwajin bugun zuciya, ya fito lafiya lau, eko, hoton da ke nuna yadda zuciya ke motsi, ma haka, sai da likitan zuciya ya ce min, Alhaji ai waɗannan biyun ba sa nuna cikin jijiyoyin da ke kai wa ita kanta zuciyar jini, mutum zai iya samun toshewa su kuma su fito ƙalau tunda a kwance yake yana hutawa.

Sai da aka fara gwajin ƙoda tukuna, don ruwan da ake ɗura wa mutum ta jijiya saboda hoton ya fito yana da sinadarin aidin kuma ƙoda ce ke fitar da shi, sun kuma tambaye ni ko ina shan metformin, maganin suga. Abin da ya ɓata min rai a asibitin shi ne rashin bayani a wajen karɓar kati. Ni likitana ya riga ya gaya min kada in sha shayi ko kofi, kada in ci goro, saboda so ake bugun zuciya ya sauko wajen 60 a minti hoton ya fito tas. Amma wani dattijo da ke gefena, daga nesa aka kawo shi, ba wanda ya faɗa masa, ya ci goronsa da safe, an ba shi ƙwayar rage bugu an jira an jira bai sauko ba, ƙarshe aka ce ya dawo wata rana. Haba, wannan ai magana ɗaya ce da za a faɗa wa mutum tun ranar biyan kuɗi.

Shi kansa hoton ba wahala. An sa min kanula a hannu, an liƙa min wayoyi a ƙirji, aka fesa min wani magani ƙarƙashin harshe mai buɗa jijiyoyi, shi ne ma ya sa min ɗan ciwon kai daga baya. Ka kwanta hannuwa sama da kai, gadon ya shiga cikin na'urar, a ce riƙe numfashi na 'yan daƙiƙu. Da ruwan ya shiga sai na ji ɗumi daga maƙogwaro har mara kamar fitsari ya kufce min, Allah ya sa nas ɗin ta riga ta ce Baba kada ka damu haka kowa ke ji.

Inda na ga amfanin kuɗina shi ne da likita ya juyo min da kwamfuta. Na ga jijiyar gaban zuciya, wadda suke kira LAD, da fararen ɗigo-ɗigo na kalsiyam a jikinta, da inda kitse ya tsuke ta tsakanin kashi 50 zuwa 69 cikin 100. Ya ce a yanzu ba sai an sa min sitent, ɗan bututun ƙarfen da ake sawa ya buɗe jijiya, ba, ya ɗora ni kan atorvastatin, maganin rage kitsen jini, da asfirin, ya ƙara gwajin tafiya a kan injin motsa jiki don a ga ko jini na isa in na motsa. Tun da na gani da idona ban ƙara tsallake magani ba.

A sani fa hoton nan gani kawai yake, ba ya buɗe jijiya, in toshewar ta yi tsanani dole sai an zura siririn bututu ta wuyan hannu ko cinya. Mai ciki da mai ciwon ƙoda sai da shawarar likita, wanda kuma ciwon ƙirji ya turnuƙe shi farat ɗaya yana gumi, sashen gaggawa za a kai shi ba layin CT ba. In za ka yi, ka tambaya wa zai karanta hoton, ka kuma karɓi faifan tare da rahoton, ni sai da na nema aka ba ni.