Mota ta shaƙe da fetur: bambancin mai kafireta da mai injekta

Wani ɗan uwa ya tambaya cewa motarsa tana juya inji amma ta ƙi tashi, ga warin fetur, kuma da ya kwance fulogi ya tarar da su sharkaf. Yana son sanin ko maganin ɗaya ne ga mai kafireta da mai injekta.

Malam, ciwon ɗaya ne, inda yake fitowa ne ya bambanta. Inji yana son kashi ɗaya na fetur ga kusan kashi 14.7 na iska, a ma'aunin nauyi. Idan mai ya rinjayi iska sai bakin fulogi ya jiƙe, wuta ta kasa kamawa, kuma kowace murɗa makulli ƙarin mai ce a kan wanda ke kwance.

Taimakon gaggawa kusan iri ɗaya ne: a taka totur har ƙasa, a riƙe shi, a yi kik na daƙiƙa 10, a huta minti ɗaya don kada kik ɗin ya yi zafi. A mai kafireta, irin su Fijo 504, wannan yana buɗe wa iska hanya ta kwashe man. Amma kada a riƙa takawa ana saki, domin duk takawa ɗaya ƙaramin famfon cikin kafireta yana feso sabon mai. A galibin masu injekta kuwa, idan kwamfutar mota ta ga totur a ƙasa lokacin kik, ita da kanta take tsayar da feshin mai. Idan mota ta ƙi tashi duk da haka, a zare fiyus na famfon mai, a kwance fulogi a shanya su. Kada a gasa su da ashana kusa da injin da ke warin fetur.

Wajen neman sanadi ne hanya ta rabu. A kafireta matsin mai kaɗan ne, bai kai rabin bar ba (bar ma'aunin matsi ne), kuma abin da ke tsare man fulot ne da allurarsa, wato abin da ke yawo a kan mai yana toshe hanya idan ya cika. Ƙwayar yashi guda ta maƙale a mazaunin allura, ko fulot ya huje ya nutse, sai mai ya yi ta ambaliya, har ka gan shi yana ɗiga a jikin kafireta, ko yana tsiyaya cikin maƙogwaronta bayan an kashe mota. Sai kuma cok, wato marfin da ke rage iska lokacin tayar da inji da sanyi, idan ya maƙale a rufe. Gyaran nan da wuya ya wuce wanki, sabuwar allura da daidaita tsayin fulot.

Mai injekta ta fi ɓoye laifinta. Matsin manta kusan bar 3 ne, don haka nozul (bakin da ke fesa mai) ɗaya da bai rufe da kyau ba zai kwana yana ɗiga cikin silinda. Alamarsa ita ce fulogi ɗaya ya fi sauran jiƙa. Idan duka sun jiƙe, a duba sensar zafin ruwa: in ta lalace tana iya gaya wa kwamfuta inji na da sanyi ƙalau alhali yana da zafi, ita kuma ta yi ta ƙara mai. A motocin da regileta, wato mai daidaita matsin mai, ke kan bututun nozul, a zare ƙaramin tiyon iskar da ke kanta; muddin aka ga fetur a ciki, robarta ta yage. Mu a ganinmu, a nan ake asarar kuɗi, a canza famfo da nozul da ka, alhali na'urar gwaji da agogon matsin mai za su nuna wurin cikin ɗan lokaci. Cire tamostat (abin da ke daidaita zafin ruwan inji) da ake yawan yi a garejinmu shi ma yana barin inji cikin sanyi, ya yi ta shan mai, fulogi su yi baƙi.

Akwai abin da suka haɗu a kai, kuma shi ake mantawa: sau da yawa man bai yi yawa ba, wuta ce ta yi rauni. Tsohon fulogi, kwayil mai mutuwa ko batir marar ƙarfi duk suna barin mai bai ƙone ba, musamman da asubar hunturu, ko in an tayar da mota da sanyi an kashe ta nan take. A gwada wuta kafin a taɓa kafireta ko nozul.

Bayan ta tashi, a zaro gejin baƙin mai a sansana. Idan yana warin fetur, ko ya haura alamar cika, a yi juye a ranar, domin man da ya tsinke ba ya kare ƙarfe.