Waya ko kyamara: wace ce ta fi ɗaukar hoton kifi da murjani a tankin gida?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanenmu na unguwar Aboabo a nan Kumasi ya yi tambaya shekaranjiya, na ga amsoshin da ya samu gajeru ne, shi ya sa na zauna bayan isha'i na rubuta wannan. Ya ce ya haɗa tankin ruwan gishiri, murjaninsa ya fara kama jiki, amma duk hoton da ya ɗauka da waya shuɗi yake fitowa kamar an tsoma shi a baba, kifin kuwa a dushe. Shin ya tara kuɗi ya sayi kyamara, ko wayar za ta iya?

Ƙanena, duka biyun ina aiki da su a kan tankina. Damuwarka biyu ce, shuɗi da dushewa, kuma ba tushensu ɗaya ba.

Shuɗin daga fitilarka yake. Fitilun tankin murjani mafi yawan haskensu tsakanin nanomita 420 da 470 ne, wato shuɗin haske, domin irin hasken da ke ratsa ruwan teku ke nan, kuma ƙananan tsirran da ke zaune cikin naman murjani da shi suke yi masa abinci. Idon mutum yana sabawa da wannan haske cikin ɗan lokaci. Na'ura ba ta sabawa. A farantin da ke karɓar haske cikin waya ko kyamara, rabin ƙwayoyin na kore ne, kwata na ja, kwata na shuɗi. Sai na shuɗin su cika har su tumbatsa alhali na jan ba su samu komai ba. Saboda haka ko kyamarar da ta fi kowace tsada a shagunan Adum da ke tsakiyar Kumasi ka ɗauko, in ka bar ta ta zaɓar wa kanta launi, shuɗin nan za ta ba ka.

Bambancinsu yana wajen magani. Waya maganinta filta ce mai ruwan goro ko rawaya, wadda ake maƙalawa a bakin idonta. Tana tare shuɗin, ta bar hasken da murjanin ke fitarwa da kansa ya wuce, don murjani yana shan shuɗi ya mayar da kore, ko ja, ko ruwan lemo. Ranar da na fara maƙala ta na ga koren da ke bakin murjanina ya fito a fuskar waya kamar yadda idona ke ganinsa, na daɗe ina kallo. Sai dai filta tana cin haske, kuma in ta yi kauri yashin ƙasa da duwatsu su ma rinewa suke yi. Kyamara kuwa tana ajiye ɗanyen hoto, wanda ake kira RAW, ka gyara launinsa daga baya a kwamfuta. Yawancin kyamarori ma'aunin farinsu, wato saitin daidaita launi wanda ake auna shi da Kelbin, a 10,000 yake tsayawa, fitilun tanki kuwa sukan kai 14,000 zuwa 20,000, amma manhajar Lightroom tana barinka ka ja ɗanyen hoto har 50,000. A nan kyamara ta sha gaba. Duk da haka ka duba wayarka, da yawa daga cikin na yanzu suna da sashen ƙwararru mai ajiye RAW. In kuma fitilarka tana barin a rage shuɗi a ƙara fari na 'yan mintuna, rabin aikin ya ƙare ba ka kashe sidi ɗaya ba.

Akwai inda waya da kyamara duk ɗaya suke, wato gilashi. Haske yana lanƙwashewa idan ya fito daga ruwa ya ratsa gilashi ya shigo iska, shi ne ma ya sa abin da ke cikin tanki yake yi maka kusa fiye da inda yake. In ka karkata na'ura ko kaɗan, gefen hoton zai narke, launuka su rabu. Ka fuskanci gilashin kai tsaye, ka matso daf da shi, ka kashe fitilar ɗaki da talabijin, ka sa riga mai duhu don kada farar jallabiya ta bayyana a hoton. Filasha kuma a bar ta a kashe. Ka goge cikin gilashi da magogin tanki mai maganaɗisu tun awa ɗaya kafin ka fara, dattin da ka tayar ya kwanta. Waje kuma, mu da ke Kumasi mun san abin da ƙurar hunturu ke yi wa gilashi daga Disamba zuwa Fabrairu, balle ta haɗu da busasshen gishirin da ke taruwa a bakin tanki. Tsumma mai laushi da ruwan daɗi ya isa.

Ga murjani, a ganina waya ta kusa kamo kyamara. Murjani ba ya gudu. Ka kashe injinan kaɗa ruwa, ka jira ya natsu, ka ɗora wayar a kan mai ƙafa uku, ka sa ta ƙirga daƙiƙa uku kafin ta ɗauka don kada hannunka ya girgiza ta. Har wata fa'ida take da ita: farantinta ƙarami ne, shi ya sa gaba da bayan reshe duk suke fitowa sarai a hoto ɗaya, alhali mai kyamara sai ya tsuke ido zuwa f/8 ko f/11 kafin ya samu haka. Inda take gazawa shi ne ƙananan abubuwa masu nisa da gilashi. Makron waya, wato sashenta na ɗaukar ƙananan abubuwa, sai ka kusanci abu da 'yan santimita, murjaninka kuwa yana can tsakiyar tanki. Idon makro na kyamara mai milimita 90 zuwa 105 yana kawo maka bakin ƙwayar murjani ɗaya daga nisan kamar santimita 30, ka ga 'yan yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Zuƙowa da yatsa a fuskar waya ba ya ba da wannan, yanka hoton kawai yake yi ya buɗa shi. Abu ɗaya nake roƙonka: in ka kashe injinan, ka sa ƙararrawar minti goma. A zafin Maris ruwa ba ya riƙe iska sosai, kuma mai ɗaukar hoto yana shagala.

Ga kifi kuwa babu haɗi. Dushewar da kake gani ta jinkirin ƙiftawa ce. Tanki a wurin ido haske ne da shi, a wurin na'ura duhu ne, sai waya ta bar idonta a buɗe ya daɗe, ko ta ɗauki hotuna da yawa ta haɗe su wuri ɗaya, kifin kuma ya riga ya wuce. Kifi mai iyo yana son ƙiftawa ta 1/250 na daƙiƙa ko fiye da haka, wanda ke tilasta ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na farantin, zuwa 1600 ko 3200. Babban farantin kyamara yana jure wannan, na waya sai hoton ya cika da tsaki-tsaki. In da waya za ka yi, ka nemi kifi mai wurin zama. Ɗan kifin nan mai ruwan goro da fararen ɗamara uku ba ya nisa da inda ya zaɓa, ka kafa na'ura a wurin ka jira shi ya dawo, ka danna ɗauka a jere, ka zaɓi wanda idonsa ya fito. Kada ka bi shi da waya daga kusurwa zuwa kusurwa, tsorata shi kawai za ka yi.

Abin da ya fi damuna a wannan harka shi ne gaskiyar launi. Na taɓa sayen reshe daga wani mai sayarwa a Accra saboda hoton da ya turo, ja da kore kamar wuta. Da ya iso Kumasi bayan tafiyar kusan kilomita 250, ruwan ƙasa na tarar, har bayan ya huta makonni. Filta mai kauri ce da ƙarin launi suka yi aikin. Tun daga nan nake ɗaukar hoton tankina a farkon kowane wata, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, saitin fitila ɗaya, ba na ƙara masa komai. Da waɗannan hotunan na gane wani murjanina ya fara koɗewa bayan dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ya kashe min fanka kwana biyu a jere ruwa ya haura digiri 26 ɗin da nake tsayar da shi. Idona da ke ganinsa kullum bai lura ba, sai da na jera hoton wata biyu. Wannan aikin waya tana yinsa tsaf, har ta fi sauƙi tunda kullum tana aljihu kuma tana rubuta kwanan wata da kanta.

Shawarata gare ka, tunda tankinka sabo ne: ka sayi filta da mai ƙafa uku, sauran kuɗin ka sa a batirin da zai riƙe maka injin kaɗa ruwa idan an ɗauke wuta. In bayan wata shida ka ga hoton kifi ne ke ranka, sai ka nemi kyamara ta hannu da idon makro, kuma a idon za ka fi zuba kuɗi, ba a jikin kyamarar ba. Ka riƙa ajiye ta nesa da tanki cikin jaka mai rufi, gishiri yana cin ƙarfe a hankali.

Kafin nan, ka turo mana hoto ɗaya da filta, ɗaya babu, tare da sunan fitilarka. In kuma ka samu sarari ranar Asabar bayan la'asar, ka biyo ta Asawase da wayarka mu ɗauki murjani ɗaya da ita da kyamarata, ka gani da idonka.