Lauyan da ya tsaya wa ƙanina kan maganar wiwi a Gombe, ga yadda na ga aikinsa

Masu tambayata a inbos ko lauyan nan ya cancanci kuɗin da muka ba shi, eh ya cancanta, amma ku shirya haƙuri don ofishinsa akwai jira. Ba zan faɗi sunansa ba tunda ba talla ya sa ni ba, ofis ne dai ɗan ƙarami a saman bene ta wajen Jekadafari, fanka ɗaya, kujerun roba, sai tulin fayil har kan taga.

Ƙanina direban haya ne, Gombe zuwa Bauchi yake yi. A shingen bincike aka tsayar da shi, aka samu ƙullin wiwi cikin kwalin ashana a aljihun ƙofar mota, ga idonsa jawur. Mu a gida duk mun ɗauka maganar tara ce a biya a wuce, har kawunmu yana cewa ai ɗan ƙulli ɗaya ba komai ba ne. Ranar da muka zauna da Barista abin da ya fara yi shi ne ya raba mana maganar gida biyu, kuma wallahi a nan na san kuɗina bai tafi a banza ba. Ya ce Malam, tuƙi cikin maye daban, samun mutum da kayan daban. Na tuƙi yana ƙarƙashin dokokin hanya ne irin wanda 'yan rod sefti ke kula da su, kuma ba giya kaɗai dokar ta ce ba, har ƙwaya da wiwi. Shi kuwa mallakar kayan, dokar NDLEA ce, hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, kuma shari'arsu ba kotun majistare ake kaiwa ba, Babbar Kotun Tarayya ce. Ya buɗe littafin ya nuna min sashe na 19 da yatsa, shekara 15 zuwa 25 a rubuce. Jikina ya yi sanyi. Sai ya ce kada na tayar da hankalin tsohuwa tukuna, alƙalai suna duba yawan kayan, da ko na sha ne ko na sayarwa, da ko mutum ya taɓa zuwa gabansu, amma shi ba zai yi min alƙawarin komai ba don hukunci na mai shari'a ne.

Wannan rashin alƙawarin shi ya fi burge ni gaskiya. Kafin mu zo wajensa akwai wani ɗan kamasho da ya liƙe mana yana cewa ya san manya, mu kawo kaza gobe yaro ya kwana a gida, irin mutanen nan ku guje su.

Wani abu da ya yi mana bayani wanda ban taɓa ji ba shi ne gwajin fitsari. Ashe mai shan wiwi kullum, abin yana iya fitowa a fitsarinsa ko bayan makonni da daina sha, to gwajin yana nuna mutum ya sha ne amma bai nuna a buge yake lokacin da yake riƙe da sitiyari ba, ba kamar giya ba da ake hura na'ura a gani nan take. Na ce to ai mun samu mafita kenan Barista. Ya yi dariya ya ce mafitar ta ɓangaren tuƙi ce kawai, ƙullin da ke aljihun ƙofa fa, shi ba ya buƙatar gwajin kowa sai a tabbatar wiwi ce. Kuma ya juya ya wanke ƙanin nawa tas, ya ce kai da ke ɗaukar ran mutane a bayanka, wiwi tana rage saurin taka birki tana rikita lissafin tazara, ko Kanada da ta halatta sha a 2018 ba ta yarda a yi tuƙi a kai ba. Ni ma abin da nake ta faɗa masa kenan a gida amma da yake lauya ne ya faɗa sai ga kai a sunkuye.

Ya kuma tsaya a kan maganar mota, don dokar ta ba da damar ƙwace abin hawan da aka yi safarar ƙwaya da shi, ita kuwa motar ba ta ƙanina ba ce balas yake kaiwa. Shi ya sa mai motar ya kawo takardunsa aka haɗa cikin fayil da wuri.

Inda ban ji daɗi ba, waya. Za ka kira har ta katse ba a ɗauka ba, sai dare ka ga saƙon WhatsApp na layi ɗaya. Wani zaman ma ƙaramin lauyansa ya turo ba tare da ya gaya mana ba, yaron ya yi ƙoƙari amma mu da muke tsaye tun safe a harabar kotu ai da sai a sanar da mu. Rasit kuma sai da na nema. Kuɗin bai ɓoye ba dai, tun farko ya faɗi nasa ya faɗi na zirga-zirga kuma ya yarda mu biya kashi-kashi, ga wanda ba shi da hali kuma shi da kansa ya ce a nemi ofishin Legal Aid, masu ba marasa hali lauya kyauta.

A ƙarshe ƙanina ya amsa laifinsa bisa shawararsa, Barista ya roƙi sassauci tunda karon farko ne kuma yana da iyali, mai shari'a ya ba da zaɓin tara muka haɗa aka biya. Kada wani ya ɗauka nasa ma haka zai kasance, wanda aka gabatar kafin mu buhu aka kama shi da shi kuma ba mu ga an ba shi wani zaɓi ba. In za ku je wajensa ku je da safe kafin ya fita kotu, ku tafi da duk takardar da aka ba ku, kuma ku faɗa masa gaskiya tun daga farko don yana gano ƙarya da wuri.