Gargaɗi ga masu motocin haibirid: a yi hattara da masu gwajin man giya na minti biyar

Assalamu alaikum 'yan uwa masu motoci. Na rubuta wannan ne domin jan hankalin duk wanda yake hawa motar haibirid, wato mai haɗa fetur da batir, musamman masu Prius da Camry da Highlander da Lexus, game da wata damfara da aka yi mini, wadda daga baya na gano cewa ba ni kaɗai aka yi wa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane da yawa sun koma sayen irin waɗannan motoci saboda ƙarancin shan mai, kuma mafi yawanmu tokumbo muka saya, ba mu san tarihinsu ba, ba mu kuma san yadda cikinsu yake ba. Wannan rashin sani shi ne jarin macutan.

Motata Prius ce ƙirar 2010. Na kai ta wani gareji da ba zan ambaci sunansa ba domin juyen baƙin mai kawai, sai wani mutum mai tsaftatacciyar riga ya zo ya gabatar da kansa a matsayin ƙwararre kan haibirid, ya ce suna gwajin man giya kyauta ga duk wanda ya zo sabis. Na amince, ya shiga ƙarƙashin motar ina zaune a benci, bayan ɗan lokaci ya fito da kwalba mai baƙin ruwa. Ya ɗiga a kan farar takarda, ya ɗiga wani jan mai sabo a gefensa domin in ga bambanci, sannan ya tsoma maganaɗisu a kwalbar ya fito da shi duk garin ƙarfe. Daga nan ya jona kwamfutar duba mota, ya ɗan latsa, ya kawo mini takarda mai lambobi wadda ya kira sakamakon gwaji. Ya ce: "Alhaji, kulochin giyarka ya fara cinyewa, idan ba a wanke giyar yau ba, wata ɗaya ba za ta yi ba." Ya lissafa mini lita 12 na abin da ya kira man haibirid na musamman, da sabuwar filta, da wani ruwan ƙari a ƙaramar kwalba, da kuɗin injin wankewa. Tsoro ya sa na biya duka.

Bayan makonni kaɗan motar ta fara wani siririn kuka da ban saba ji ba, shan feturinta kuma ya ƙaru. Na kai ta wajen wani dattijon bakanike da ya daɗe yana aikin waɗannan motoci, ya kwance notin juye a gabana, abin da ya zubo kuwa mai ne mai kauri da warin ƙibiritu, irin wanda ake zuba wa giyar hannu da difaranshal, kuma ko lita 3 bai cika ba. A wurinsa na fara fahimtar irin ƙaryar da aka shirya mini, daga baya na zauna na karanta littafin motar, abin da ya kamata in yi tun ranar da na saye ta.

Giyar Prius ba ta da kulochin da zai cinye ya zuba gari a cikin mai. Kamfanin Toyota, wanda ya fara fitar da wannan mota a Japan a 1997, bai sa mata giya irin ta otomatik da muka saba ba. Abin da ke cikin akwatin shi ne jerin haƙoran giya masu zagaya juna, waɗanda suke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyi da janareto, sai kuma injinan lantarki guda biyu da ake kira MG1 da MG2. Ƙaramin, MG1, shi ne janareton da yake tayar da injin fetur yana cajin batir, babban kuma, MG2, shi ne yake tura mota. Babu farantan kulochi da suke canza giya a cikin man, babu bel, babu kuma filtar da ake canzawa a lokacin sabis. Saboda haka filtar da na biya kuɗinta ba ta da wurin zama a motar, kuma duk man da akwatin yake ɗauka bai kai lita 4 ba. Wanda ya ce maka lita 12 zai zuba, ka tambaye shi inda sauran takwas za su shiga.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne aikin da wannan mai yake yi. Ban da santsi da yake ba haƙoran giya da boris, yana taɓa naɗin wayar tagulla na injinan lantarkin nan biyu yana sanyaya su, kuma a ƙirar motata ƙarfin lantarkin da ke bi ta wannan naɗi yana kaiwa bolt 650. Don haka dole man ya kasance siriri, mara ruwa a ciki, wanda ba ya cin tagulla kuma ba ya lalata rufin wayar. Toyota ta ƙayyade man giya mai suna ATF WS ga Prius tun daga ƙirar 2004, ƙirar farko kuma T-IV take sha, sababbin da suka fito a 'yan shekarun nan suna da nasu man daban, shi ya sa littafin mota ne alƙali ba bakin mai gareji ba. Idan rufin wayar ya lalace lantarki ya fara zuba a jikin akwatin, kwamfutar motar tana iya nuna lambar P0AA6, motar ta ƙi tashi, kuma a lokacin maganar ta wuce juye, ta koma sayen wani akwatin giya gaba ɗaya. Allah ya taimake ni ban kai nan ba, an juye sau biyu da man da ya dace, kukan ya ragu sosai.

Akwai wani ruɗani da macutan suke fakewa da shi, wanda har bakanike mai gaskiya yana iya faɗawa ciki. Saboda ana kiran giyar Toyota haibirid da eCVT, sai a ɗauko man CVT a zuba, alhali man CVT an yi shi ne domin giya mai bel na ƙarfe, irin ta Corolla daga 2014. Sunan ne kawai ya yi kama. Haka kuma ba duk haibirid ba ne iri ɗaya: Hyundai Sonata haibirid giyar otomatik mai hawa shida take da ita, tsohuwar Honda Civic haibirid kuma CVT mai bel ce. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa babu wani mai guda ɗaya da ake kira man haibirid wanda yake yi wa kowace mota, kuma duk galan ɗin da aka miƙo maka da wannan suna, ba tare da lambar da littafinka ya ambata ba, ka mayar wa mai shi.

Sai batun gwajin kansa, wanda shi ne ƙugiyar da ake kama mutane da ita. Gwajin mai abu ne na gaskiya kuma yana da amfani, amma a ɗakin gwaji ake yin sa. Ana ɗibar samfuri a kwalba mai tsabta yayin da man yake tsakiyar zuba, a rubuta nisan da mota ta yi da nisan da man ya yi, a aika. A can ne na'ura take auna yawan ƙarfe da tagulla da alminiyam da silikon a cikin kashi na miliyan, a auna kaurin man a zafin digiri 100, a duba ko ruwa ya shiga. Ƙarfe yana nuna cin haƙora da boris, silikon kuma yana iya fitowa daga ƙura ko daga gam ɗin da aka haɗa akwatin da shi. A Amurka akwai ɗakunan gwaji irin su Blackstone Laboratories da ke jihar Indiyana da masu motoci suke aika wa samfuri ta gidan waya, kuma sakamako yana ɗaukar kwanaki. Ko a can, sakamako ɗaya ba ya yanke hukunci sai an gwama shi da na juyen baya, domin juyen farko yakan nuna ƙarfe da yawa saboda sabon haƙori yana gogar ɗan uwansa kafin su zauna.

Kwamfutar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari ba ta ganin ingancin mai, lambobin matsala da bayanan na'urori kawai take karantawa. Canjin launi ma ba hujja ba ne, domin ATF WS ja ne yana sabo amma yana yin duhu da amfani, haka nan ɗan laushin toka-toka a kan maganaɗisu abu ne da aka saba gani. Abin damuwa shi ne ɓarɓashin ƙarfe da yatsa yake ji, ko warin ƙuna, ko mai da ya koma kamar shayi da madara. Game da kwalbar da aka nuna mini kuwa, ban ga lokacin da aka cika ta ba, kuma wannan giya ba ta da sandar duba mai da za a zaro, sai an kwance noti.

Ba ina cewa kada a canza man giya ba ne. A ganina duk wanda ya sayi tokumbo bai san tarihinta ba, ya dace ya yi juye sau ɗaya, musamman da zafinmu da ƙurarmu da cunkoson da muke tsayawa ciki. Aiki ne mai sauƙi wanda ba ya buƙatar injin wankewa ko ruwan ƙari. A kashe mota gaba ɗaya, a ɗaga ta ta zauna daidai ba karkace ba, a fara kwance notin zubawa na sama kafin na juye, domin idan aka juye sannan na sama ya ƙi kwancewa mota ta tsaya ke nan. A sa sabuwar washa, a zuba ta mazurari da tiyo har sai man ya fara dawowa ta bakin ramin, sannan a ɗaure. Kada wanda bai ƙware ba ya taɓa wayoyi masu ruwan lemo, wato masu ɗauke da lantarki mai ƙarfi. Ka sayi man da kanka a wurin dillalin da aka sani, ka duba cewa murfin bai taɓa buɗewa ba, ka tsaya a buɗe shi a gabanka, ka ga tsohon man yana zuba da idonka, sannan ka tafi da galan ɗin ko ka huda shi, saboda tsofaffin galan na asali ake tarawa a sake cika su da wani abu.

Na koma garejin da rasit a hannuna, aka ce mutumin ba ma'aikacinsu ba ne, yana zuwa ne lokaci-lokaci, lambar wayar da ke kan takardar gwajin kuma ba ta shiga. Duk wanda irin wannan ta faru da shi a Najeriya ya ajiye rasit da takardar da galan ɗin da ɗan samfurin man, ya kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, batun jabun mai kuma ya sanar da hukumar kula da ingancin kaya ta SON. Wanda kuma aka riga aka yi wa irin wannan juye bai ga man da aka zuba ba, ina roƙonsa da ya kai motar a kwance notin a duba cikin wannan mako, kada ya jira sai ta fara kuka kamar tawa.