Kafin ka sayi injin ruwa ko filta a Accra, ga abin da ya kamata ka duba

Matsala biyu ake yawan haɗawa wuri guda a gidajen Nima, Mamobi, Madina da Ashaiman: ruwa ba ya fita da ƙarfi, kuma yana barin farin ɓawo a butar dafa ruwa da kan shawa. Maganinsu daban ne. Na ƙarfin ake fara yi, domin duk filtar da ka ɗaura sai ta ƙara rage gudun ruwa.

Ƙarfin ruwan tanki daga tsayi yake zuwa, ba daga girma ba. Kowace mita 10 tana ba da kusan bar 1 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin ruwa). Polytank ɗin da ya ɗara kan shawa da mita 3 bar 0.3 kawai zai ba ka, ko lita 1,000 yake ci ko 5,000. Ɗaga tanki shi ne zaɓin da babu ruwansa da dumsor, wato ɗaukewar wuta, kuma ya wadatar da gidan ƙasa mai famfo biyu ko uku. Sai dai lita 1,000 tan guda ke nan, don haka kada a yi rowar ƙarfe wajen waldar abin da za a ɗora tankin a kai.

Gidan bene, ko mai hita da injin wanki, sai da injin tura ruwa. Mai rabin doki, wato wat 370, ya isa banɗaki biyu da kicin. Abin da za ka zaɓa da kyau shi ne abin da ke kunna shi. Ƙaramin akwatin atomatik yana da araha kuma ba ya cin wuri, amma da an murɗa famfo zai tashi, kuma idan masai na ɗiga zai kwana yana tashi yana mutuwa har ya ƙone. Mai tankin iska ya fi tsada, amma yana ajiye ruwa a matse, injin ya samu hutu. A gidan haya mai yawan jama'a shi muke fifitawa. Ko wanne ka ɗauka, a sa bawul mai hana ruwa komawa baya, da makunni mai yawo a cikin tanki wanda zai kashe injin idan ruwa ya ƙare.

Kada ka bari fulamba ya jona inji kai tsaye a layin Ghana Water. Kamfanin ya hana. Ruwan maƙwabta kake zuƙewa, kuma inda bututu ya tsage a gefen kwata, dattin zai biyo. Layi ya cika tankin ƙasa, inji ya ja daga nan.

Wani lokacin ma laifin bututu ne. Tsohon na ƙarfe mai rabin inci tsatsa ke toshe shi. A fito daga tanki da inci 1, a rarraba wa famfuna da bututu mai uku bisa huɗu na inci.

Sai batun ɓawo. Ruwan Weija da na Kpong, inda Ghana Water ke tace ruwan Accra, na kogi ne, bai cika wannan ba; ruwan bohol da na motar tanka ne suka fi kawo shi. Nan ne ake asarar kuɗi, domin abu uku ne masu kama da juna. Idan sabulu ya ƙi kumfa, kalsiyam da magniziyam ne, wato taurin ruwa. Idan ruwan na da zartsi, gishiri ne. Idan farin kaya na komawa ja, ƙarfe ne, kuma miligiram 0.3 a lita ya isa ya ɓata wanki. Kai samfuri ɗakin gwajin Water Research Institute na CSIR, hukumar binciken kimiyya ta Ghana, kafin ka biya ko sidi ɗaya. Ƙaramar mitar TDS da dillalai ke tsomawa a kofi jimillar abin da ya narke a ruwa kawai take nunawa, ba ta rarrabe su.

Idan taurin bai wuce miligiram 120 a lita ba, jiƙa kan shawa a ruwan lemun tsami lokaci-lokaci ya isa. Daga 180 zuwa sama, softana mai resin, wato na'urar da ƙwayoyin da ke cikinta ke kama kalsiyam da magniziyam, ita ce maganin gida duka. Tana cin gishiri a kai a kai, tana son kusan bar 2 don wanke kanta, kuma ƙarfe mai yawa yana kashe resin, sai an fara cire shi. Ba ta cire zartsi. Wannan aikin RO ne, wato matacin da ke cire har gishirin da ya narke a ruwa, wanda ke son kusan bar 3 kuma yana zubar da lita 3 zuwa 4 kafin ya ba ka guda, shi ya sa a kicin kaɗai muke sa shi, don sha da girki. Kwalbar polifosfet tana kare hita daga ɓawo da kuɗi kaɗan, amma sabulu ba zai ƙara kumfa ba. Maganaɗisun da ake ɗaurawa a bututu kuwa, ka riƙe kuɗinka.

Filtar tsare laka a sa ta bayan inji, ba a bakin da yake zuƙa ba. Mai maikiron 20 (ma'aunin girman ƙofofin filta) ta fi dacewa da gida duka. Mai 5 saurin toshewa take, sai ka ga ƙarfin da ka saya ya ɓace cikin 'yan makonni.