Jaridar da na yarda da ita da abin da tasharta ta YouTube ta yi min

Ni gidanmu gidan karatun jarida ne, Baba Allah ya jiƙansa har tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo yake ajiyewa a akwatin ƙarfe, kullum sai ya tuna mana tun 1939 ake buga ta a Zariya. To shi ya sa da wata babbar jarida da nake saye shekara da shekaru ta buɗe tasha a YouTube ban yi wata-wata ba na bi su. Ba sai na kama suna ba. Kuma tsakani da Allah da farko na ji daɗinsu, hirarrakinsu suna da ma'ana, ɗan jaridar yana barin baƙo ya gama magana, sauti tas hoto tas, ba irin tashoshin nan ba da mutum zai zauna a ɗakinsa yana karanto abin da ya tsinta a Facebook. Har abokai na turawa nake cewa ga inda za ku samu labari mai tushe.

Ranar da abin ya faru ƙanwata ta shiga jirgin ƙasa daga Rigasa za ta Abuja, da kaina na kai ta tasha. Ina shago wajen azahar sai ga sanarwa ta faɗo a waya, hoton jirgin nan ne a karkace da jan rubutu ɓaro-ɓaro na gaggawa a kai, maganar hari a jirgin Abuja zuwa Kaduna. Wallahi sai da ƙafata ta kasa ɗaukata. Na kira ta ba ta shiga, duk wanda ya taɓa bin hanyar ya san akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa, amma a lokacin wa ke tuna wannan? Na danna bidiyon hannuna na rawa, sai talla. Ta ƙare wata ta biyo. Aka fara gaisuwa da gabatar da baƙi da kiɗan shiri, ni kuwa ina tsaye mai sayen kaya na min magana ban ma san me yake cewa ba. Sai can wajen minti na huɗu na gane ashe waiwaye ake yi kan harin 28 ga Maris 2022 da aka kai kusa da Katari, tsohon hoto ne suka ɗora. Babu kwanan wata a kanun, babu komai da zai nuna tsohon lamari ne. Hajiya ma a gida wani ya riga ya nuna mata hoton, har ta fara salati tana kuka kafin yarinyar ta kira daga Kubwa ta ce lafiya lau.

Ni na san harkar nan ba kyauta ake yi ba. Takarda ta yi tsada, mutane sun rage sayen jarida, dole su nemi kuɗi a intanet, kuma na san yadda YouTube ke biya don ɗan yayana yana da ƙaramar tasha. Sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo kafin ka fara cin kuɗin talla, sannan kashi 55 cikin ɗari ne naka, kuma talla a kan mai kallo daga Najeriya ba ta kawo abin da na Amurka ko Ingila ke kawowa, sai an tara jama'a da yawa sosai. Shi ne ma ya faɗa min bidiyo in ya kai minti 8 ana iya cusa talla a tsakiya, tun daga nan na lura labarin da bai fi na minti uku ba sai su ja shi ya haura takwas. Wannan duk zan iya haƙuri da shi, ko da yake tun da aka ƙara kuɗin data da kashi 50 a farkon 2025 kowace talla a aljihuna nake jin ta.

Amma fa su ba yaron da ke neman na abinci da waya ɗaya ba ne. Suna da edita, suna da sunan da aka yi shekaru ana ginawa, kuma sunan nan ne ya sa na gaskata hoton nan take, da wata tashar ce ko kallo ba zan yi ba. Na rubuta musu a ƙasan bidiyon, na ga wasu ma sun yi ƙorafi iri ɗaya, ba wanda ya tanka, kanun yana nan yadda yake.

Na ce da farko hirarrakinsu na da kyau, har yanzu ban janye ba, amma na kashe sanarwarsu kuma na daina turawa kowa. Jaridar takarda ina saye ranar Asabar saboda sabo, tashar kuwa in maki zan ba ta, tauraro biyu kacal zan ba ta, Hajiya ma ta ce in cire mata ita daga waya na cire.