Dan bong mai igiya ko kulkin ƙarfe mai zugewa?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsakanin dan bong na katako mai igiya da kulkin ƙarfen nan mai zugewa da ka turo hotonsa, ɗauki na katakon. Tunda hapkido, fasahar kare kai ta Koriya, ka fara koya, shi ne abin da darasinka zai nema, kuma duka biyun sun taɓa zama a hannuna.

Dan bong gajeriyar sanda ce, tsawonta santimita 30 zuwa 36 galibi, wato kusan daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, kaurinta kuma kamar inci ɗaya ko ya ɗara kaɗan. Ana huda ta kusa da ƙarshe a zura igiya. A Koriya ta Kudu ana koyar da ita a hapkido, fasahar da Choi Yong-sool ya fara koyarwa a birnin Daegu bayan ya dawo daga Japan a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, ana kuma koyar da ita a Kuk Sool Won, wata fasahar faɗa ta Koriya da Suh In-hyuk ya kafa. Aikin hapkido yawancinsa kamu ne da murɗa gaɓoɓi da kayarwa, shi ya sa sandar take gajere. Abokin karawarka yana manne da kai, ya cafke maka kwala ko hannu, babu filin da za ka wurwura doguwar sanda. Da gajeriyar za ka danna ƙashin wuyan hannunsa, ka saƙala ta a gwiwar hannunsa ka murɗa, ko ka tare abin da ya kawo maka da ita kwance a jikin hannunka.

Igiyar ita ce abin da mutane suka fi rainawa, alhali rabin aikin nata ne. Ba a wuyan hannu ake rataya ta ba. Za ka saƙala madaukin a babban yatsanka, igiyar ta bi ta bayan hannu, sannan sandar ta faɗo cikin tafin hannunka ka damƙe. Da wannan riƙon kana iya sassauta yatsu, sandar ta fizga gaba kamar bulala ta dawo, dukan ya fito daga wuyan hannu ba daga kafaɗa ba. Idan kuma wani ƙato ya kama ɗaya bakin sandar yana jan ka, buɗe hannu kawai za ka yi madaukin ya zame daga yatsa, ka bar masa ita. Wanda ya ɗaure igiyar a wuyan hannunsa kuwa, inda sandar ta je nan zai je, har ƙasa.

Tawa kafinta ne ya fafe min ita da itacen marke, irin wanda ake ƙotar fartanya da shi. Wata rana a tsakiyar bazara muna atisayen kuɓuta daga shaƙe kwala, gumi ya jiƙe mu sharkaf. Abokin atisayena, wanda ya fi ni jiki nesa ba kusa ba, ya bangaje min hannu da ƙarfi, yatsuna suka buɗe, na ji sandar ta suɓuce. Sai ga ta tana lilo a babban yatsana. Na juya hannu ta dawo cikin tafi, na ɗora ta a kan ƙashin wuyan hannunsa na danna da hannu biyu, nan take ya durƙusa yana buga cinya alamar ya sallama. Malaminmu, wanda ya yi karatunsa a Koriya, bai ce uffan ba, ya zo ya ja igiyar ya duba ƙullin, ya gyaɗa kai ya wuce. Har yau ita nake ɗauka zuwa atisaye, wurin riƙon ya yi duhu ya yi sumul saboda gumin hannu.

Kulkin ƙarfen, to, ya fi tsawo idan an zuge shi, wasu na kai santimita 50 zuwa 65, kuma yana shiga aljihu. Iyakar abin da zan yaba masa ke nan. Sai ka sami sarari ka watsa hannu kafin ya buɗe, idan ka yi suka da shi yana iya komawa ciki, bakinsa siriri ne ba ya zama a kan gaɓa, kuma babu malamin kirki da zai bari ka taɓa abokin atisaye da ƙarfe. Nawa yana ƙasan akwati.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu tallar kayan nan a Facebook da Instagram. Akwai masu ɗauko farin katako marar nauyi, su shafe shi da baƙin fenti, su manna rubutun Koriya, su ce daga Seoul aka shigo da shi, su ninka kuɗin. Fentin ɓoye tsaga da ƙullin itace yake yi, ga santsi idan hannu ya jiƙe. Kada ka tura kuɗi a kan hoto. Ka riƙe sandar, ka danna farce a jikinta. Idan ya shata, mayar masa da abinsa. Duba zaren itacen ya miƙe daga wannan baki zuwa wancan, ka leƙa hudar ka ga ko an goge bakinta, don huda mai kaifi cinye igiya take yi a hankali har ta tsinke ana tsakiyar juyi. Haka masu cewa za su koya maka dan bong a mako biyu har da takardar shaida. A Najeriya da Nijar, cikin fasahohin faɗan Koriya taekwondo ne ya fi yaɗuwa, shi ya kawo wa Chika Chukwumerije tagulla a Beijing a 2008 da Abdoulrazak Issoufou Alfaga azurfa a Rio a 2016, amma taekwondon gasa babu makami a cikinsa. Baƙar ɗamara a taekwondo ba ta nufin mutum ya iya sanda, don haka ka tambayi wanda zai koya maka a hannun wa ya koya.

Wata magana da ba na wasa da ita: wannan guntun itacen yana iya kisa idan ya sami kai ko maƙogwaro. Hannu da gwiwar hannu da ƙwauri muke nufa, don a saki mutum ya samu ya gudu. Ka binciki dokar garinku kafin ka fita da ita, kuma kada ka sa ta a jakar hannu idan za ka shiga jirgin sama, za a karɓe.

Je wurin kafinta da awon hannunka, ka ce marke ko ƙirya, busasshe, a goge da sanfefa a kashe kaifin bakunan biyu, ban da fenti. Igiyar nailan mai laushi za ka sa, kada ka yanke ta sai malaminka ya gwada maka: idan ka damƙe sandar, igiyar ta kwanta a bayan hannunka ba tare da ta matse yatsa ba. Ka sa a yi maka ta biyu da bututun roba a naɗe da soso, da ita za ku riƙa dukan juna a watannin farko.